Igiyar da Dikko ya tufka wa karsanarsa

A duk Magariya babu wanda ya taɓa cutar Dikko mai igiya sai ni, kuma da takarda mai hatimi na cuce shi. Shi ya sa in ana hirar mutanen da can, aka zo kansa, nakan gyara zama in ce a bar mini, na fi kowa saninsa. Masu saurare sukan ɗauka abota muka yi.

Sunana Dauda. A ƙarshen shekarar 1977 ni komi ne, wato akawu, a wani ƙaramin biro na gwamnati cikin bariki, aikina buga takardu da jera su. Shekarata ashirin da huɗu, ban daɗe da gama lakwal, makarantar boko, a Damagaram ba, ina da takalmi sau-ciki da karabat biyu na ɗaurawa a wuya, kuma na yi imani har zuciyata cewa abin da ya hana garinmu ci gaba shi ne ba a taɓa neman shawarata ba.

Dikko kuwa Bafillace ne daga rugagen wajen Waca, irin mutanen nan masu kiwo suna taɓa noma. Waɗanda suka san shi a da sun ce in garkensa ya sauka rijiya da safe, har rana ta take ana ja masa ruwa bai gama sha ba. Da farin saba'in da uku ya zo, ya kora shanun kudu neman ciyawa, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a hanya, har ya dawo daga shi sai sanda da dangwali, igiyar nan da ake jera maruƙa a jikinta. Bai koma Waca ba. Ya ce ba zai iya zama kusa da makwantar shanunsa ba babu shanun. 'Ya'yansu sun yi aure sun watse, don haka shi da matarsa Mairama kaɗai suka sauka a bakin ƙoramar da ke bayan Magariya. Mai unguwa ya ara musu wata 'yar gona, suka kafa bukka.

Abin da ya rage masa na kiwo shi ne hannunsa. Duk makiyayi ya iya tufka, amma ta Dikko daban ce. Ranar kasuwa yana zaune gindin durumi, ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa, yana murzawa a tafin hannu, yatsan har ya yi kanta. Ba ya talla, ba ya yabon kayansa. In mai saye ya tambaya ko tana da ƙarfi, sai ya miƙa masa baki ɗaya ya riƙe ɗaya ya ce ya ja. Awakin mahaifiyata, waɗanda suka raina kowace igiya a garin nan, tasa kaɗai suke ganin girmanta. In kasuwa ta fara watsewa sai ya naɗe tabarma ya bi ta kara, inda ake cinikin shanu, ya jingina da sanda ya yi ta kallo. Dillalai sun san shi. Sukan kira shi ya duba musu haƙoran saniya ko ya faɗi abin da ke sa ta ɗingishi, ya faɗa, ya goge hannu a riga ya koma gida.

Da rama yake tufka, kuma rama tana da nata sharaɗi. In an yanke ta bayan kaka, sai a ɗaure dami-dami a kwantar cikin ruwa, a danne da laka da kututturai kada ta taso. Can ƙasa ɓawon yake ruɓewa a hankali har zaren ya saki kara. Lokacin sanyi kwana goma sha biyu take yi. In an fitar da ita kafin nan zaren ba zai ɓaru ba, in ta wuce ya ruɓe tare da ɓawon. Kowace safiya Dikko yakan shiga ruwa har ƙugu, ya zaro kara ɗaya, ya karta da farce, ya sunsuna, ya mayar. Na sha ganinsa yana haka in na bi ta wurin, ina ce wa raina ga abin da rashin lakwal ke jawo wa mutum.

A shekarar da nake magana, ba ramar kasuwa ya jiƙa ba. Yana da wani ɗan baffa a wajen Mallawa, Ɗantsoho, wanda fari ya bar wa 'yan shanu har suka sake hayayyafa. Ɗantsoho ya yi masa alkawari, in ya kawo igiyoyin guga da za su ishi rijiyoyin rugarsu kafin rani ya yi nisa, to ya zo ya kora karsana ɗaya. Dikko ya shuke gonar kusan duka da rama, ya bar wa hatsi wata 'yar kusurwa, Mairama na faɗa yana kawar da kai. Tun kafin ramar ta yi tsayi ya riga ya tufka wa karsanar igiyar wuya da zaɓaɓɓen zaren bara, tufka uku, ya rina ɗaya ja da karan dafi, ya sassaƙa mata ɗan maɓalli na icen aduwa don kada ƙulli ya shaƙe ta. Tana rataye a bukka sama da shimfiɗarsa. Unguwa duk ta sani. Mata na tsokanar Mairama, suna cewa sun wanke ƙoren nononsu tun yanzu.

Ana haka, cikin watan Disamba, aka ce a Magariya za a yi kokawar fitar da gwanayen da za su wakilci yankinmu a Damagaram. Kwana uku za a yi. 'Yan kokawa za su zo daga Dungas da Waca da Mallawa da sauran ƙauyuka, manyan baƙi daga Damagaram, ga kuma dangi na ƙetaren iyaka waɗanda ba sa jiran gayyata. Aka kafa komite na biki, aka ɗora shugaban bironmu a kai, wani dattijo mai haƙuri da muke kira Shef, ni kuma aka ba ni riƙon hatimin komite saboda ni ke buga takardu. Shef ya tara mu ya raba aiki. Wani masauki, wani abinci, wani fili. Da aka zo tsabta da ƙawata gari kowa ya sunkuyar da kai, ni na ɗaga hannu. Shef ya dube ni ya ce to, Dauda, mu gani. Na fito ina taku kamar an ba ni garin gaba ɗaya.

Na fara da rubuta abubuwan kallon Magariya da za a nuna wa baƙi. Na samu uku: tsohuwar kuka ta wajen kasuwa, wani gida da Nasara ya bari wanda jemagu suka gada, da ƙorama. Na je na duba kukar, na tarar mahauta sun daɗe da mayar da gindinta wurin fiɗa. Gidan Nasara kuwa rabin rufinsa ya faɗi. Saura ƙorama. Wanda bai san ta ba, bari in faɗa masa gaskiya: da damina tana gudu, da sanyi kuwa sai ta yanke ta zama tafkuna biyar ko shida a jere, goruba da giginya na tsaye a bakinsu, jakuna na sha, mata na wanki, magina na kwaɓa tubali. Amma ni ba ita nake gani ba. A littafin karatunmu na lakwal akwai hoton wani kogi na ƙasar Faransa, ga benci, ga itatuwa a layi, ga wata mata da laima tana yawo ba ta ɗauke da komai a ka. Na ƙudura sai ƙoramarmu ta koma haka. A takardar tsarin biki na buga da manyan baƙaƙe: rana ta uku, bayan karon ƙarshe, ziyarar bakin kogi. Har jawabin da zan yi wa baƙi a wurin na rubuta, ina haddacewa a hanyar biro.

Sarkin samari ya ba ni 'yan samariya goma sha biyar, matasan nan masu aikin gayya. Muka share, muka kwashe kashin jaki, muka shafa wa kowane icce farar ƙasa daga gindi zuwa ƙirjin mutum. Mun shafa wa duwatsu, mun shafa wa turaku, har wani jaki da ya yi jinkirin matsawa ya koma gida da farar ƙafa. Na ari bencuna huɗu daga lakwal. Na kori magina, na kori masu wanki. Ƙande, babbarsu, wadda ta wanke mini tsumma ina jariri, ta tambaye ni ko baƙin nan nawa ba sa sa tufafi ne da ganin wanki zai firgita su. Na amsa mata da Faransanci don in rufe mata baki. Ta ce Allah ya ƙara ilmi, ta ɗauki kwandonta.

Sai muka zo tafkin ƙarshe, wanda ya fi kusa da filin kokawa, ya kuma fi kowanne inuwa. Nan na zaɓa wa bencuna. Ruwan ya yi duhu kamar jiƙon tsamiya, kututturai sun leƙo, akwai ɗan wari-wari in mutum ya matso sosai. Dikko na tsaye ciki har ƙugu da kara a hanci.

Saura kwana biyu a fara kokawa. Na gaishe shi sama-sama, na ce a kwashe wannan ƙazanta. Ya fito, ya yi mini cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi mahaifiyata da awakinta, sannan ya ce ramar kwananta bakwai, saura biyar, washegarin tashin baƙi zai fitar da ita. Ya ce in kututturan ne suka dame ni zai nutsar da su, ya jawo kainuwa daga tafkin sama ya rufe ruwan, baƙo ba zai ga komai ba sai kore shar. Shawara ce mai kyau. Abin da ya ɓata ta kawai ba daga bakina ta fito ba, ga kuma samari goma sha biyar tsaye suna kallona. Na ce masa ba kallo kaɗai ba ne, akwai wari.

"Malam Dauda," in ji shi, "ruwan nan shi ke riƙe da warin. In ka fitar da ita, ka sake shi."

Na yi 'yar dariya irin ta masu ilmi. Na bayyana masa a hankali, don ya gane, cewa in an kawar da abin da ke wari, to wari ya tafi. Na koma biro na buga umarni da sunan komite, na ciro hatimi na danna masa, ban nuna wa kowa ba. Washegari da hantsi na dawo da gardi biyu cikin waɗanda aka ba mu don tsaron fili.

Na karanta masa takardar da Faransanci tukuna, sannan na fassara. Bai yi gardama da hatimi ba, mutanen zamaninsa ba sa yi. Samari suka tuɓe riguna suka shiga, suka ɗage kututturai, suka fara jawo dammuna. Dami na farko da ya hau tudu, wanda ya jawo shi ya sake shi ya juya ya yi amai. Na ce su ci gaba, na farko ne kawai.

Na sha jin wari a duniya, har majema na shiga, amma wannan daban ne. Wari ne mai nauyi, mai shiga tufafi ya zauna. Rana ta ɗaga ta buga shi, iska ta ɗauka ta bi da shi ta filin kokawa inda ake jera buhunan yashi, ta wuce kasuwa, ta shiga bariki. Masu tuwo suka rufe tukwane. Ƙudajen Magariya duka, da na ƙauyukan kewaye, suka amsa gayyata. Kafin azahar motar Shef ta tsaya can nesa, ya aiko a kira ni. Na same shi ya toshe hanci da mushuwar, ɗan ƙyallen aljihu. Bai yi tsawa ba. Ya ce gobe da hantsi baƙin Damagaram za su iso, in kuwa suka shaƙi abin da yake shaƙa yanzu, in fara ɗaure kayana, ya san wani biro can arewa inda babu ƙorama balle ta dame ni.

Na dawo bakin tafki ina gumi cikin sanyi, Dikko ya tare ni. Ya matso kusa ya rage murya don kada samari su ji, abin da sai daga baya na gane kara ce ya yi mini.

"Ɗana, a mayar da ita ruwa. Ba ta bushe ba tukuna, za ta yi. Kafin la'asar warin ya kwanta, kuma ba wanda zai ji cewa ni na faɗa maka."

Nan ne wurin da nake tsayawa duk lokacin da na ba da labarin nan, don har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Na san gaskiya ya faɗa. Hancina ya riga ya shaida. Amma in na mayar da ramar ruwa, na yarda ke nan a gaban samari, da gardi, da Ƙande wadda ta dawo musamman ta tsaya nesa riƙe da ƙugu, cewa mai tufka ya fi komi sanin wari. Na ce masa, kai tsoho, gwamnati ba ta komawa baya. Mutumin da tun zuwansa garin nan Baffa nake ce masa.

Sai dabara ta zo mini, kuma na yi murna da ita ƙwarai. Akwai ramin da magina suka bari, wanda dama nake neman abin cike shi. Na ce a zuba ramar ciki a rufe da ƙasa, in baƙi sun tafi ya tone kayansa. Dikko ya ce ƙasa ba ruwa ba ce, za ta yi zafi ta dafa ta. Na ce kwana huɗu ne kacal. Da ya ga samari na jefa dammunan kamar shara, sai ya sauka ramin da kansa yana karɓa yana jerawa, kai da kai, gindi da gindi. Mairama ta zo ta tsaya a bakin ramin har aka rufe. Ta dube ni ta faɗi wata magana da Fillanci. Na tambayi mutum uku masu jin harshen ma'anarta, kowa ya ce bai ji da kyau ba.

Wari ya kwanta kafin magariba. Muka baje ƙasar, muka kewaye wurin da fararen duwatsu, ya zama kamar da gangan aka yi. Na ɗora benci ɗaya a kai.

Kokawa ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Gari ya cika har mutane na hawa itatuwan da na shafa wa fari, suna saukowa da shi a riguna. Makaɗa na zuga gwanayensu, 'yan kokawa na shiga fili da layu da guraye har damtse, suna ɗibar yashi suna watsawa gabas da yamma, kowa na kirarin cewa bayansa bai san ƙasa ba, bayan ɗan lokaci kuma a gabatar da bayan nasa ga ƙasar. Ni ban kalli rabinta ba. Ina sintiri tsakanin fili da ƙorama, ina korar awaki daga kan bencuna, ina maimaita jawabina. Duk lokacin da na je, Dikko na zaune gindin goruba kusa da ramin, hannuwansa a kan gwiwa. Ban taɓa ganin hannuwan nan ba tufka ba sai a kwanakin.

Kyautar zakara karsana ce, ja mai farin goshi, wani attajirin gari ya bayar. An ɗaure ta a turke bayan rumfar manyan baƙi da wata tsohuwar igiya da aka tsinto cikin tarkacen komite. Kwana biyu tana jure ganguna. Rana ta uku bayan la'asar aka yi karon ƙarshe tsakanin Dogo na Dungas da wani gajere mai faɗin ƙirji daga Waca. Sun daɗe suna zagaye juna har mutane suka fara ƙorafi, sai Dogo ya sa masa ƙafa ya kai shi ƙasa. Fili ya ɗauki ihu gaba ɗaya, makaɗa suka rufe, wani maharbi ya saki bindiga sama. Karsana ta fizge, igiya ta tsinke.

Ta cikin rumfar manyan baƙi ta bi. Na ga babban baƙonmu na Damagaram, mutum mai jiki da natsuwa, ya haye kujera da saurin da ban zaci yana da shi ba. Ta ture tebur, ta keta 'yan kallo, ta kama hanyar da na share na jera wa fararen duwatsu, ta bi ta tiryan-tiryan kamar ta karanta takardar tsarin biki, ta faɗa tafkin ƙarshe ta tsaya tsakiya tana huci. Jama'a suka biyo da sanduna da hayaniya. Ni ne a gaba, don a ganina kogina ne. Na shiga zan kama wutsiya, laka ta riƙe ni har gwiwa, na fito da takalmi ɗaya.

Dikko ya tashi daga gindin goruba. Ya ɗaga hannu ya ce a ja da baya, a yi shiru. Bai ɗaga murya ba, amma aka ja, har da gardi. Ya shiga ruwan a hankali ta gefen da take ganinsa, yana wani ɗan sauti da harshe, yana yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa. Ta kaɗa kai sau biyu, sannan ta bar shi ya ɗora mata hannu. Ya sosa mata gindin ƙaho da ƙarƙashin wuya har ta sauke numfashi. Na ga fuskarsa a lokacin. Shekara huɗu ina ganin mutumin nan, ban san yana da irin wannan fuska ba.

Aka nemi igiya. Guntun da ya rage a wuyanta bai kai kamu ba. Ga ɗaruruwan mutane a tsaye, ba mai igiya, wani har ya fara warware rawani. Dikko ya waiwaya wajen bukkarsa ya kira Mairama, ya ce ta kawo ta saman shimfiɗa. Ba ta motsa ba. Ya sake faɗa. Ta shiga ta fito da ita, ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

Ya zagaya ta a wuyan karsanar, ya sa maɓalli, ya zura yatsu biyu ya gwada ko ta matse. Daidai ta yi kamar an auna. Ya jawo ta suka fito, ta bi shi ba gardama, ya bi da ita hanyar fararen duwatsu har tsakiyar fili, jama'a na biye. Ya miƙa wa Dogo bakin igiyar, ya gaya masa kada ya ja ta da ƙarfi, ya bari ta ga hanya da kanta, kuma kada a sake ɗaure ta kusa da ganga. Dogo ya karɓa yana washe baki, mutanensa na ɗaga shi sama, ban tsammanin ya ji ko kalma ɗaya ba.

Babban baƙo ya sauko daga kujera ya gyara riga. Ya kama igiyar ya duba jan zaren da maɓallin, ya ce wa Shef lalle an shirya bikin nan da kula, har igiyar kyauta an ƙawata. Shef ya nuna ni ya ce ga mai aikin ƙawa. Ina tsaye da takalmi ɗaya, laka har gwiwa, Dikko bai fi taku biyar daga inda nake ba. Na rusuna na ce na gode, ranka ya daɗe.

Kafin a gama raba sauran kyaututtuka aka kira magariba. Aka soke ziyarar bakin kogi, baƙi suka shiga motoci, jawabina na aljihu. Cikin duk waɗanda suka zo bikin nan, karsanar kaɗai ta ziyarci ƙoramata.

Washegari da safe, ranar da ramar za ta cika kwana goma sha biyu da an bar ta a ruwa, Dikko ya kawar da bencin ya tone ramin. Na je na tsaya nesa. Ta yi baƙi, ta yi zafi har tana tururi, in ya kama zare ya ja sai ya narke masa a yatsu. Ya gwada dami bayan dami har na ƙarshe. Sannan ya mayar da ƙasar ya rufe, ya ma jera mini duwatsuna yadda ya same su.

Bayan mako biyu takardar yabo ta zo da sunana, saboda ƙoƙarin da na yi wajen tsabtar gari. Mahaifiyata ta sa aka karanta mata sau uku. Ɗantsoho ya jira har ruwan rijiyoyi ya ja ƙasa, shanu kuwa ba sa jiran zumunci. Ya tsallaka Maigatari ya sayo igiyoyin roba da suka fara shigowa a lokacin. Ba sa ruɓewa. Da rugar ta ɗanɗana ba ta sake neman ta rama ba, karsanar alkawari kuma aka yi wata hidima da ita. Nakan gaya wa kaina ko ban yi abin da na yi ba roba za ta zo. Gaskiya ne, za ta zo. Amma da ta tarar da Dikko da saniya. Ya ci gaba da tufka kaɗan-kaɗan, igiyar awaki da ragaya, da rani yana ja wa shanun mutane ruwa a rijiyar bakin kara. Har ya rasu bai sake mallakar saniya ba.

Sau ɗaya na je ba shi haƙuri, kwana kaɗan bayan zuwan takardar yabon, kuma ko shi ban iya yi daidai ba. Na shirya magana tun daga gida. Da na zauna a tabarmarsa, Mairama ta tashi ta shige bukka, maganar duk ta gudu. Abin da na iya cewa kawai, Baffa, zan hau mota in je Dungas in karɓo maka igiyarka wurin Dogo, in kai musu wata. A zatona babban abu na yi tayi.

Ya ci gaba da murza zare a cinya. Sannan ya tambaye ni ko na ji labarin karsanar, tana ci, ta saba da wurin. Na ce ban sani ba. Ban taɓa tunanin in tambaya ba.

"To bar mata," ya ce. "Don wuyan saniya na tufka ta, Malam Dauda. In ka dawo da ita, a ina zan sa ta?"

Ya raka ni har bakin hanya, ya ce in gaida mahaifiyata, in gaya mata igiyar baƙar akuyarta ta kusa cinyewa, ta aiko a sake mata.